Ƙwaryar Inna a Kife

Wayar ta suɓuce daga hannun Inna ta faɗa cikin shinkafar da aka shanya a tsakar gida.

Ɗiyarta Sahura ta saki itacen da take izawa ƙarƙashin tukunyar gumi, ta taso da gudu.

"Inna! Lafiya?"

Inna Tasalla ba ta dube ta ba. Bango ta dafa, ta sulale ta zauna a ƙasa, tana kallon tafin hannunta kamar na aro.

"Wa yak kife ta?"

"Mi, Inna?"

"Ƙwaryata... Wa yak kife ta ina da raina?"

Bara'atu, ɗiyar Kawu Namadi mai gidan, ta duƙa ta ɗauki wayarta tana hure mata ƙaiƙayi.

"Ni dai hoto na gwada mata. Ba ke kinka ɗora shi a status ba? Na ce bari Gwaggo ta ga inda ƙwaryarta tak kai."

Sahura ta san hoton. Tun jiya take kallonsa tana murmushi ita kaɗai. Fosta ce ta baje kolin da gidan adana kayan tarihi na jami'a ya buɗe can birni, na kayan ɗakin matan Zamfara. A tsakiyar fostar ga ƙwaryar Inna cikin akwatin gilashi, fitila na haska ta. Bakinta a ƙasa, bayanta a sama, duk zanen da aka ƙona da wuƙa ya fito raɗau: ƙahonin shanu, da wata, da sawun tsuntsu.

Lirwanu ne ya turo mata. Lirwanun da saura kaɗan a sa musu rana.

"Inna, ai don zanen ya fito ne..."

"Rufe min baki!"

Har kajin gidan suka watse.

Inna ta ja numfashi. Da ta sake magana muryarta ta yi ƙasa, kuma wannan ya fi tsawar ciwo.

"A gidanmu ba a kife tummude, ƙwaryar nono, sai mai ita ta kwanta dama. Ran da uwata tar rasu, ni na kife ta da hannuna. Tana kife har anka share makoki, sannan na tada ta, taz zama tawa. Ke kina goye, shi ya sa ba ki sani ba." Ta nuna wayar da haɓa. "Yau ga ta a kife, da sunana rubuce a ƙasa, duniya na kallo. Ya yi min jana'iza ina gumar shinkafa."

"Wallahi bai sani ba, Inna. Yanzu zan kira shi ya tada ta."

"Ya tada ta? Shi ɗiyata ne? Wanda yat tada ta shi ag gaje ni. Ko ke ba ki isa ba sai kin ga an fita da ni." Ta miƙe da ƙyar. "Ki faɗa wa Lirwanu kada in ƙara ganin takalminsa a zauren nan."

Ta shige ɗaki, ta saki labule.

Shinkafar kan wuta ta kama. Sahura na jin ƙauri, amma ta kasa ɗaga ƙafa.

* * *

Ita kaɗai ce ta rage musu, ƙwaryar nan.

Ranar da 'yan bindiga suka afka wa rugarsu a bayan Nasarawa Burkullu, Baffa, mahaifin Sahura, ya tsaya wajen shanu, bai biyo su ba. Shanun ma ba a sake ganin ko kofatonsu ba. Inna ba ta ɗauki zane ba, ba ta ɗauki tukunya ba. Ƙwaryar ta aza a ka, a zaune, ta kama hannun Sahura suka yanki daji har Bukkuyum, daga nan motar itace ta kawo su Gummi, gidan ƙaninta Namadi.

Tun daga nan rayuwa ta koma gumar shinkafar mutane. Jiƙa, turara, shanya, kwashe. Hayaƙi a ido, ciwo a ƙugu. Gobe ma haka.

A cikin wannan gajiyar Lirwanu ya shigo.

Ɗan Bukkuyum ne, siriri, marar yawan magana. Aikin wucin gadi ya samu a gidan tarihin, shi ke ɗaukar kaya, shi ke goge gilashi, kuma da yake ɗan yankin ne sai aka turo shi ƙauyuka neman aron tsofaffin kayan ɗaki. Wani a kasuwa ya yi masa kwatancen gidan Namadi. Bara'atu ce ta amsa sallamarsa, har ta sake gyale kafin ta kawo masa ruwa. Amma da Sahura ta fito da ƙwaryar rungume a ƙirji, fuskarta duk baƙin tukunya, shi ke nan. Ya manta da ruwan.

Ya daɗe yana zuwa kafin ya yi maganar aro. Ya fi daɗewa kafin ya yi ɗaya maganar.

Inna ta so shi. Ta ce yaro ne mai kunya. Da hannunta ta naɗe ƙwaryar a zane ta ba shi, ta ce: "Je ka da ita, su ga mu ma mun taɓa zama mutane."

* * *

Bayan la'asar Sahura ta laɓe bayan rumbu ta kira shi.

"Sahurata... kin ga fostar? Yau har Dakta Atine mai kula da baje kolin ta kira sunana gaban baƙi."

Muryarsa cike da murna. Ba ta taɓa jin sa haka ba. Sai kuka ya ƙwace mata.

"Subhanallahi! Mi ya faru? Inna ce?"

Ta faɗa masa. Da ƙyar, gutsure-gutsure, amma ta faɗa.



"Ni na kife ta," ya ce. "Da hannuna. Sai da na shiga laburare na duba tsoffin hotuna, kundi bayan kundi. Duk ƙoren da ke ciki a kife suke. Ban ga ko ɗaya a zaune ba. Na ce haka ake yi."

"Na sani."

"Bari in sami mai makulli yanzu in tada ta."

"Kada ka taɓa ta!" Ta toshe bakinta, ta waiga. "Don girman Allah, Lirwanu, kada kowa ya tada ta. Wanda yat tada ta ya gaji Inna ke nan. Ita kaɗai za ta iya."

"To in zo in ɗauke ta, ta zo nan..."

"Inna? Tun da munka zo Gummi ko bakin gulbi ba ta je ba. In ta ji ƙarar babura da yawa sai ta shige ƙarƙashin gado. Ita za ka sa a hanyar birni?"

"Ƙwaryar kuma ba a fitar da ita sai an rufe baje kolin, bayan damina. Ita ce a fosta, Sahura. Ita ce ake zuwa gani."

"To shi ke nan."

"Mi ne ne shi ke nan?"

"Na gaji, Lirwanu. Wallahi na gaji... Komi na riƙa sai ya zube."

"Masoyiyata, saurare ni..."

Ta kashe wayar. Ta jingina kanta da rumbu har aka kira magariba.

* * *

Inna ta daina cin abinci sai kunu. Ta daina fitowa shanya. Ta raba 'yan zannuwanta biyu, ta ce wannan na Sahura ne, wannan a ba maƙwabciya. Ba ta kuka, ba ta faɗa. Kwance kawai take, fuska ga bango, kamar mai jiran mota.

Kawu Namadi ya kira Sahura zaure.

"Ɗiyar nan, ni tun farko ban ga abin da kinka gani ga yaron wanga ba. Mai goge gilashi! Yanzu ga shi ya kwantar min da 'yar'uwa."

"Kuskure ne, Kawu."

"Kuskure ai shi ka kashe mutum. Dangi sun gani, har na Anka sun bugo suna tambaya ko rasuwa anka yi ba a faɗa musu ba. Mi zan ce?" Ya gyara zama a kan buzu. "Ba ni yi miki dole. Amma ga Tasi'u mai sayen zinariya can Anka, ya yi magana ba sau ɗaya ba. Ki yi tunani. Na Lirwanu kam, kayansu na nan, zan aika a maida."

Ta ce to.

A tsakar gida ta tarar da Bara'atu tana ƙunshi, ƙafafu a kan kujera.

"Amarya ba kya laifi," in ji ta. "Ko in ce tsohuwar amarya?"

Sahura ta tsaya.

"Kin san al'adar, ko? Kafin ki kai wa Inna."

"Ni? Baba na ji yana salati da ya ga hoton. Yac ce kada wanda ya gwada wa Gwaggo." Ta ɗaga kafaɗa. "Mantuwa na yi."

"Allah ya isa... a'a. Ba ma zan ce ba. Je ki, Bara'atu. Ko na bar shi ba ke zai duba ba."

"Oho dai! In ban sha ba, ke ma ba ki sha."

Sahura ta wuce ta ɗauki bokitin jiƙo. Ko fushin kirki ba ta iya yi. Fushi ma ƙarfi yake so.

Wayarta na ta haske a kan taga. Ba ta ɗauka ba. Daga baya hasken ma ya daina.

Wannan ya fi komai yi mata ciwo.

* * *

Ranar kasuwa ce, da hantsi, an kwana ana ruwa. Sahura na kwashe shanya daga rumfa sai ta ji sallama a zaure.

Muryar da ta sani.

Faifan hannunta ya faɗi.

Ta leƙa. Lirwanu ne tsaye, wandonsa jage-jage da laka har gwiwa, idanunsa ja. Ya tallabo wani faffaɗan katako da hannu biyu, kamar mai ɗauke da jariri. A kan katakon, ƙarƙashin zanen Inna, ga tudun abin da ba sai an faɗa mata ba.

"Ka... ka fito da ita?"

"A kife take. Ban tada ta ba. Ba wanda ya tada ta."

"Yaya anka yi sunka ba ka?"

"Na faɗa wa Dakta gaskiya. Sannan ta sa hannu, ta ce ita ta yarda, amma na sama da ita ba za su yarda da akwati wayam a tsakiyar zaure ba, kuma dole laifin ya sauka a kan wani." Ya yi ɗan murmushi marar daɗi. "Ya sauka."

"Aikinka, Lirwanu!"

"Na wucin gadi ne dama."

"Shi ne fa kake cewa in an gama baje kolin za su tabbatar da kai..."

"Sahura, hannuna ya sage. Tun asuba take a cinyata. A shingen bincike sun ce sai an buɗe sun ga abin da ke ƙasanta. Na roƙe su. Ƙarshe na ɗaga ta sama da kaina, a kifen, ɗaya ya duƙa ya leƙa da tocila. Duk motar dariya suke, wai mahaukaci da ƙwarya." Ya gyara riƙon katakon. "Ki yi min iso wurin Inna."

"Ta ce kada ta ga takalminka a zauren nan."

Ya dubi ƙafafunsa. Ya zare takalman ɗaya da ɗaya, ya tura su waje da yatsa, cikin ruwan da ya kwanta a ƙofar gida.

"Ga shi. Ba su a zaure."

Dariya ta zo mata tare da hawaye, ta rasa wanne za ta fara.

Kawu Namadi ya fito yana gyaran murya, ya buɗe baki zai yi magana, sai idonsa ya sauka a kan katakon. Ya daɗe yana kallo. Ƙwaryar uwarsa ce shi ma.

Ya matsa gefe.

Lirwanu ya shiga tsakar gida ba takalmi. Ya durƙusa a ƙofar ɗakin Inna, ya ajiye katakon a hankali, ya yaye zanen. Bara'atu ta fito daga madafa ta tsaya riƙe da muciya.

"Inna," ya ce, kansa a ƙasa. "Ga amanarki. Yadda na ɓata ta haka na kawo ta. Ban gyara ba, don ba ni ne mai gyarawa ba. Ban zo roƙon aure ba. Ki tashi kawai."

Ba motsi.

Sahura ta durƙusa gefe guda, nesa da shi kaɗan.

"Inna... don Allah."

Labulen ya motsa. Inna ta fito da rarrafe, ta rame har ƙasusuwan wuyanta sun fito. Ta zauna a dokin ƙofa. Ba ta dubi kowa ba sai ƙwaryar.

Ta ɗora tafinta a bayan ƙwaryar. Ta bi ƙahonin shanun da yatsa, ɗaya bayan ɗaya. Ta tsaya a wani tsohon ɗinki kusa da baki, inda ta taɓa tsagewa aka ɗinke.

"Nan saniyar babanki ta haure ta," ta ce, ba tare da ta ɗago ba. "Wata ja, marar kunya. Yac ce zai saya min sabuwa. Na ce ya sai da saniyar dai."

Kawu Namadi ya yi tari ya juya baya.

"Tun daga birni a kife?" Inna ta tambaya.

Sahura ce ta amsa. "Tun daga birni, Inna. A cinyarsa. Aikin ma sun kore shi."

Inna ta gyara zama.

Sannan ta sa hannu biyu, ta yi bisimilla, ta tada ta.

Cikin ƙwaryar ya yi duhun tsufa, sumul, har yanzu da ɗan ƙamshin man shanu. Ta aza ta a kan gammo, ta zauna daram.

"Ban mutu ba tukuna," in ji Inna. Kamar da kanta take. "Sahura, tummude ba ta tashi da yunwa. Nemo nono."

Ba su da saniya. Sahura ta zari gyale ta fita da gudu har bakin kasuwa, ta dawo da kindirmo a leda tana haki. Inna ta kalli ledar, ta girgiza kai, ta yi tsaki ƙasa-ƙasa.

"Ni Tasalla, nonon leda... To. Zuba."

Ta kafa kai ta sha. Ta sha sosai, irin shan wanda ya kwana biyu bai ci ba. Ta goge baki da bakin zane.

Sai a lokacin ta dubi inda Lirwanu yake durƙushe. Kallo ɗaya. Nan da nan ta ja mayafi ta rufe rabin fuskarta, ta juya masa kafaɗa.

Sahura ta ɗauka korar ce ta dawo.

"Ke," Inna ta ce da ita a hankali. "Mi yaron nan ka yi min a tsakar gida ba takalmi? Ɗauki ki kai masa zaure ya sha. Kuma ki ce masa ya bar durƙusa min a gaba, ni ban iya wannan rashin ta-ido ba."

Yaron nan.

Tun da ya fara zuwa gidan, Lirwanu take ce masa kai tsaye, kamar kowane baƙo. Ko ranar da ta kore shi da sunansa ta kore shi. Mace ba ta ɓoye sunan baƙo, ba ta rufe fuska don baƙo.

Sai don suruki.

Kawu Namadi ya fahimta kafin kowa. Ya sauke ajiyar zuciya.

"To. An hutar da ni aike."

Bara'atu ta koma madafa. Aka ji ƙarar murfin tukunya.

A zaure Sahura ta miƙa masa ƙwaryar. Hannunsa har yanzu a sage yake, sai da ta tallafa masa ta ƙasa.

"Riƙe da kyau," ta ce. "In ka zubar, wallahi ni zan kife ka."

"Ba ni da aiki fa, Sahurata."

"Akwai gumar shinkafa. Ka iya iza wuta?"

"Zan koya."

Ya sha. Ya bar mata saura, ta shanye.

* * *

Bayan an yanke shinkafar fadama aka ɗaura auren. Ba a yi wani taro ba, hanya ba ta da kyau, dangin Anka ma ta waya suka yi Allah sanya alheri. Lirwanu ya kama aiki a wani injin casa a Gummi, yana dawowa fari fat da ƙaiƙayi, ya zube a tabarma ko magana ba ya iyawa.

Wata rana Dakta Atine ta turo masa hoto. Akwatin gilashin na nan a tsakiyar zauren, ba komai ciki sai gammo. Ta sa an rubuta a ƙasa cewa mai ƙwaryar tana raye, tana amfani da abarta.

Sahura ta kai wa Inna ta gani, ta karanta mata.

Inna na zaune tana dama fura a cikinta. Ta karɓi wayar, wannan karon da hannu biyu, ta kanne ido ta duba.

"Gammon ma sun aza shi a karkace," ta ce.

Ta miƙa mata wayar, ta ci gaba da damu.